Daga Maraɗi Zuwa Damagaram: Hanyar da Ke Gwada Sabon Moto

Kaka ta yi. An ɗaure dammunan hatsi, an sayar da wake da aya da riɗi, makiyayi ya kai bijiminshi kasuwa. Lokacin ne mutanen karkara ke shigowa Maraɗi da kuɗɗi, kuma da yawa cikinsu moto sunka zo saye. Moto shi ne jakin zamani. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Shi ke kai nono da ƙwai kasuwa tun ba su lalace ba. Shi ke kai malamin gona ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Amma moto tsada gare shi. Kuɗɗin guda na iya lashe amfanin gonar mutum na damana ɗaya, wani lokaci har da tumaki biyu ko ukku bisa kai. Wanda ya yi irin wannan saye ya kamata shi san abin da ke raya moto da abin da ke kashe shi. Akwai wani ɗan mai da ke ɓoye wajen ƙafar baya ta moto marar sarƙa. Yawanshi bai wuce kofin shayi biyu ba. Mutane da yawa ba su san da shi ba sai ranar da moto ya fara kuka. Hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ta isa ta koya ma mutum zancen wannan mai, don tsawonta ya zo daidai da awon da ake bukata.

MARAƊI, GARIN FATAUCI

Maraɗi na bisa tudu, Gulbin Maraɗi na kwance yamma da ita. Tsohon garin cikin fadama shike, inda sarakunan Katsina sunka zauna bayan jihadi, cikin farkon ƙarni na 19. A shekara ta 1945 ruwa ya ci garin. Sai anka tashe shi, anka hau tudu, anka fidda hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi waɗanda ake bi har yau. Cinikin gyaɗa ne ya fara ɗaukaka Maraɗi. Bayan gyaɗa sai fatauci ya riƙe ta, don iyakar Najeriya na nan kusa, wajen kilomita 50 ta hanyar Ɗan Isa. Ran Litinin da ran Juma'a kasuwa ke cika maƙil.

Mafi yawan baburan da ake saidawa nan daga Sin da Indiya suke fitowa. Cikin akwati suke zuwa, ƙafa dabam, kai dabam, sai a haɗa su bakin kanti. Kusa da kantunan akwai rumfunan makanikai. Baƙo ba shi ɓata wurin. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai, tsofaffin tayoyi na rataye jikin rumfa, yara masu koyon aiki na tsugune da kile a hannu, mai shayi na fifita gawayi gefe guda.

Mai saye zai tarar da moto iri biyu. Na farko mai sarƙa ne. Ƙafafunshi manya ne, da ƙafa ake sa mashi giya, shi ne ƴan kabu-kabu ke so. Na biyu marar sarƙa ne, shi ake ce ma sukuta. Ƙafafunshi ƙanana ne, akwai fili gaba inda mutum ke aje ƙafa biyu. Ba a sa mashi giya, hannu kawai ake murɗawa shi tafi. Mata na son shi don zane ba shi hana hawa. Dattawa na son shi don babbar riga ba ta samun sarƙar da za ta kama.

Daga Turai ne irin wannan moto ya yi suna. A shekara ta 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanin Piaggio da ke garin Pontedera cikin ƙasar Italiya ya fiddo Vespa. Ma'anar sunan zanzaro, saboda siririn ƙugu da kukan injin. Dattawa sun tuna da Vespar da. Ana gauraya mata mai da isansi, wato fetur, kuma da hannu ake sa mata giya. Sukutan yau dabam ne. Ba a gauraya mashi komi, kuma shi ke sake gudu da kanshi.

MAI BIYU NE, BA ƊAYA BA

Moto mai sarƙa mai ɗaya gare shi. Baƙin man da anka zuba ma inji shi ke jiƙa haƙoran giya, don ɗakinsu ɗaya. In an juye shi, an gama.

Sukuta ba haka shike ba. Injin na da nashi mai. Daga inji, wata ɗamarar roba ke kai ƙarfi baya, cikin dogon murfin da ke gefen hagu. Ɗamarar nan busassa ce, ba ta son mai ko ɗigo ɗaya. Inda ta ƙare, jikin ƙafar baya, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe. Cikinshi akwai faya-fayen ƙarfe masu haƙora, suna cizon juna suna juyawa. Su ake ce ma giya. Giyar nan ba ta sha ba ce, ta ƙarfe ce. Man da ke cikin akwatin shi ne man giya. Ba shi haɗuwa da man inji ko kaɗan.

Aikin haƙoran nan shi ne su rage gudun juyi, su ƙara ƙarfi. Ƙaramin faifai kan juya wajen sau 8 zuwa 10 kafin ƙafar baya ta juya sau ɗaya. Da haka ɗan inji ke iya ɗaukar mutum da buhu.

Ga awo. Lita ɗaya mililita 1000 ce. Injin ƙaramin sukuta na shan mai wajen mililita 700 zuwa 900. Akwatin giya kuwa, ga mafi yawan ƙananan, mililita 100 zuwa 130 kawai shike ɗauka. Manyan na ɗaukar fiye da haka. Kowane moto na zuwa da ɗan littafinshi, cikinshi anka rubuta awon daidai da irin man. Kada mai saye shi bar kanti ba tare da littafin nan ba. Ko da cikin Faransanci ko Ingilishi anka rubuta shi, lambobi ba su da yare.

Inda matsalar take, makanikin da ya saba da moto mai sarƙa na iya juye man inji, shi ce an gama. Mai moto shi biya, shi tafi da farin ciki. Ɗan akwatin baya kuwa ba wanda ya taɓa shi. Kuma moton da anka haɗa bakin kanti, ba mai iya rantsuwa an cika mashi man giya daidai. Don haka tun ran saye ya kamata a kwance notin sama a duba, kafin a kama hanya.

CADAWA, AGYE, GAZAWA

Daga Maraɗi ana fita ta gabas, bisa babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa da Ngigmi. Gudron ce. Daga nan zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne. Kafin tashi, mai moto shi duba agogon kilomita da ke gabanshi, shi rubuta lambar cikin takarda. Shi sa hular kwano, shi riƙe takardun moto kusa, don akwai shingayen jandarmomi.

Sabon moto kamar sabon sā ne da anka fara sa ma galma. Ba a matsa mashi ran farko. Kada a murɗe hannu duka. Kilomita 50 ko 60 cikin awa sun isa. Kada a tsaya ga gudu iri ɗaya, a riƙa ƙarawa ana ragewa. Kada a labta mashi mutum biyu da buhu. Da irin wannan tafiya, sai an yi awa 5 ko fiye kafin a isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Babban gari na farko shi ne Cadawa. Nan hanyar Mayayi ta rabu ta yi arewa. Gaba sai Agye, sai Gazawa. Ƙasar nan ta aya ce da wake da gero. Gonaki sun haɗe da juna, da wuya a ga saura. Amma cikin gonakin akwai itatuwa da yawa, gawo da kalgo da sabara da aduwa. Tun cikin shekarun 1980 manoman wannan yanki sunka kama sassaben zamani. In kututture ya yi toho, ba a sare shi duka, sai a zaɓi reshe biyu ko ukku masu ƙarfi a bar su su girma. Gawo na zubda ganye da damana, shi yi ganye da rani. Don haka matafiyin rani na samun inuwa bakin hanya. Bayan kowace awa guda, a tsaya gindin gawo, a kashe inji shi huce, mutum ma shi sha ruwa.

Duk tsawon tafiyar nan, wani aiki na gudana cikin akwatin baya wanda ido ba shi gani. Mata sun san sabon dutsen niƙa. Garin farko da anka niƙa bisanshi ba shi rasa tsakuwa, sai dutse da ɗan dutse sun saba da juna. Haƙoran sabuwar giya ma haka suke. Sun fito daga maƙera da ɗan kaushi. Suna gogar juna, suna zubda garin ƙarfe, garin na faɗawa cikin mai. Injin na da rariyar da ke tace manshi. Akwatin giya ba shi da rariya. Abin da ya faɗa ciki shina nan, shina yawo tsakanin haƙora, shina cin su kamar yashi cikin ido.

A yi lissafi. Ƙafar sukuta in ta juya sau ɗaya, ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram za ta juya fiye da sau dubu 150. Ƙaramin faifan giya kuwa zai juya fiye da sau miliyan ɗaya. Duk cikin ɗan man da bai wuce kofi biyu ba.

TASAWA, RABIN HANYA

Tsakanin Agye da Tasawa hanya na ratsa kwarin Gulbin Kaba. Goriba ta yi yawa nan, da kabarta ake saƙa tabarmi da igiya da faifai. Da rani kwarin busasshe ne. Da damana kuwa ruwa na kwanciya cikin kwaruruka da tafkuna, hanyoyin ƙauye na yankewa.

Wannan ya shafi man giya. Ɗan akwatin na da wata ƙaramar kafa ta shan iska, don in mai ya yi zafi iska ta samu mafita. Akwatin kuma ƙasa-ƙasa shike, daidai tsakiyar ƙafa. In anka shiga ruwa mai zurfi, ruwa na iya shiga ta kafar nan. Mai da ruwa in sun gauraya, mai ya mutu, tsatsa ta kama ƙarfe. Duk wanda ya ƙetare ruwan da ya rufe tsakiyar ƙafar baya, shi sa a duba man giya, ko da jiya anka zuba shi.

Tasawa na wajen kilomita 120 daga Maraɗi, kusan tsakiyar hanya. Tsohon gari ne mai sarauta. Nan motoci ke tsayawa, a yi salla, a ci abinci. Mai sabon moto shi ma shi tsaya. Shi kafa moto bisa ƙafarshi ta tsakiya, shi duƙa shi duba ƙarƙashin akwatin baya. In wurin a bushe shike, lafiya lau. In ya ga danshin mai ya kama ƙura, ko mai na ɗiga bisa taya, to wani wuri na yoyo. Kada shi ce sai an isa. Abin da bai wuce mililita 120 ba, in shina ɗiga, ba shi daɗewa. Akwai makanikai a Tasawa.

Daga Tasawa hanyoyin yashi sun watsu zuwa ƙauyuka. Sukuta ba shi son yashi mai zurfi, don ƙafafunshi ƙanana ne. In ya nutse, mutum na murɗa hannu, ɗamara na zafi, giya na wahala. Wanda ƙauyenshi ke cikin jigawa shi yi tunani tun gaban saye. In kuwa ya riga ya saya, gara shi sauka shi tura inda yashi ya yi yawa, kuma shi riƙa juye mai da wuri fiye da na cikin gari.

MAI JIRGI, TAKEITA, DAMAGARAM

Gabas da Tasawa akwai Mai Jirgi. Nan kaburburan Bule da Shanwan suke, hafsoshin Faransa biyu da sunka ƙone garuruwa da yawa cikin ƙasar Hausa, har sojansu sunka kashe su a watan Yuli na shekara ta 1899. Gaba, an shiga jahar Damagaram. A Takeita hanya ta rabu, ɗaya ta yi kudu zuwa Matamai da iyakar Najeriya. Wadda ta miƙe ta bi ta Tirmini. Daga nan ƙasa ta fara sakewa, duwatsu sun fara bayyana.

Damagaram gari ne na manyan duwatsu, wasu bisa wasu kamar an jera su da hannu. Unguwanninta na da su ne Birni, inda fadar sarki take, da Zango, inda ayarin raƙuma ke sauka a da. Sarki Tanimu ne ya kewaye Birni da ganuwa cikin ƙarni na 19. Zamanin Turawa nan ne babban birnin Nijar, har shekara ta 1926 da anka maida shi Yamai. Ran Alhamis ce babbar kasuwa.

Arewa da garin, wajen kilomita 50 bisa hanyar Tanut, akwai matatar mai ta Soraz. A shekara ta 2011 anka buɗe ta. Daga Agadem ake turo mata ɗanyen mai cikin bututu, kuma an gina ta don ta tace ganga dubu 20 kowace rana. Isansi da gazuwal da gas take fiddawa. Isansi abincin moto ne, ƙonewa shike, in ya ƙare moto shi tsaya, kowa ya gani. Man giya ba shi ƙonewa. In ya lalace ko ya tsiyaye, moto ba shi tsayawa nan take. Tafiya shike, shina cin kanshi.

Yanzu a duba agogo. Ya ƙaru da wajen kilomita 240. Littattafan sukuta da yawa, musamman na Sin, sun ce a yi juyen farko tsakanin kilomita 300 da 500. Wasu sun ce 1000. Wasu kamfanoni na ba da lokaci mai tsawo fiye da haka. Littafin kowane moto shi ne alƙali. Wanda littafinshi ya ce 300, in ya ɗan yi yawo cikin Damagaram ya kai, sai shi juye kafin shi koma. Wanda nashi ya ce 500, zuwa da dawowa kilomita 480 ne, ranar da ya sauka Maraɗi lokaci ya yi. Wanda littafinshi ya ɓace, shi riƙe wannan awon: Maraɗi zuwa Damagaram, zuwa da dawowa. Juyewa da wuri ba ta ɓata komi.

CIKIN RUMFAR MAKANIKI

Kafin aiki, a sayi mai. Ana gane shi da lambar da ke jikin kwalba. Sukuta da yawa na son man giya mai lamba 80W-90 ko 85W-140. Wasu kuma, kamar na kamfanin Honda, man inji mai lamba 10W-30 ake zuba ma akwatinsu. A bi littafi. A sayi kwalba rufaffa wadda ba a ɓalle bakinta ba. Man da ake aunawa cikin tsohuwar kwalba bakin hanya, ba wanda ya san asalinshi. Araha ba ta ado. Kwalbar lita ɗaya ta isa juyi wajen 8, don haka masu moto na ƙauye ɗaya na iya haɗa kuɗɗi su saya tare.

Mai moto kada shi tafi yawo shi bar aiki. Shi zauna shi gani. Shi tambaya da ladabi: “Malam, man inji kaɗai za ka juye, ko har da na giya?” Makanikin kirki ba shi jin haushin tambaya. Aikin ba shi kai rabin awa ba, kuma wanda ya gani sau ɗaya na iya yi da kanshi gida. Ga yadda ake yi.

Na ɗaya. A ɗan yi yawo da moto, minti 5 ko 10, don mai shi yi ɗumi. Mai ɗumi ya fi gudu, kuma shina fitowa da garin ƙarfe. Sannan a kashe inji, a kafa moto bisa ƙafar tsakiya, wuri mai daidai. A yi hankali da bututun hayaƙi, shina ƙuna.

Na biyu. A goge akwatin da tsumma. Akwai noti biyu, wato bulon, ɗaya sama na zubawa, ɗaya ƙasa na tsiyayewa. Yashin da ke kewaye da su kada shi faɗa ciki. In iska na tashi da ƙura, a shiga ɗaki ko a jira.

Na ukku. A fara kwance na sama. Dalili shi ne, in anka fara tsiyaye mai, sannan na sama ya ƙi kwantuwa, moto ya zama ba mai, ba hanyar zuba wani. A yi aiki da kilen da ya yi daidai da kan noti, galibi mai lamba 10 ko 12.

Na huɗu. A tara tsohon kwano, a kwance na ƙasa. A bar mai shi tsiyaye sarai. A juya ƙafar baya da hannu sannu-sannu don saura shi fito.

Na biyar. A goge noti. Shina da wani ɗan zobe mai taushi wanda ke hana yoyo. In ya tsage ko ya baje, a sa sabo. A maida noti da yatsu tukuna, in ya shiga daidai sannan a ɗaure da kile. Kada a ɗaure da ƙarfin tsiya. Akwatin alminiyo ne, ƙarfe mai taushi, in zarenshi ya cinye gyaran ya fi juyen mai tsada nesa ba kusa ba.

Na shida. A auna sabon mai. Kofin shayi ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani. Sirinji marar allura ya fi. Mai ɗaukar mililita 20, in an cika shi sau 6, an samu 120. Sirinjin da ya taɓa mai kada shi sake taɓa mutum ko dabba. A wasu babura ramin zubawa gefe shike, ana zubawa har mai shi fara dawowa ta bakin ramin, nan ne ƙa'ida. A wasu sai an auna.

Na bakwai. Kada a ce bari a ƙara don alheri. Mai in ya yi yawa, shina fita ta kafar iska, ko shi ture robar da ke tare shi. In ya kai ga ɗamara, ta riƙa sulɓi. In ya kai ga birki, birki shi ƙi kamawa. A maida notin sama, a goge ko'ina, a tabbata ba mai bisa taya. A ɗan zagaya, a dawo a sake dubawa.

ABIN DA TSOHON MAI KE FAƊI

Kada a yi saurin kauda kwanon. A kai shi rana a duba. In man ya yi toka-toka, shina ƙyalli kamar an barbaɗa mashi kwalli, wannan garin ƙarfe ne na sabuntaka. Ba abin tsoro ba ne ga juyen farko, shi anka zo fiddawa. In ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga. In akwai gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji, wani haƙori ya karye, a buɗe akwatin. In kuwa abin da ya fito bai kai rabin awo ba, ko dai ba a cika shi ba tun farko, ko shina yoyo.

Kunne ma na ba da labari. Moton da ke wani siririn kuka daga baya, kukan na ƙaruwa da gudu, giyarshi na neman taimako. In anka ƙyale, haƙora su cinye, ƙwallayen ƙarfen da sandar ƙafa ke juyawa bisansu su farfashe. Mafi muni, ƙafar baya na iya cijewa ana cikin gudu. Bisa gudron, tsakanin manyan motoci, wannan ba asarar kuɗɗi kaɗai ba ce, zancen rai ne. Man da zai hana haka kuwa, kuɗɗinshi bai wuce na ƴan tiyoyin hatsi ba.

Bayan juyen farko, man giya na daɗewa fiye da man inji. Littafi zai faɗi bayan kilomita dubu nawa za a sake. Amma ƙasar nan mai zafi ce. Cikin watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce awo 40. Da hunturu ƙura ce, da damana ruwa. Mai hankali na sakewa aƙalla sau ɗaya cikin shekara, kuma bayan damana ya fi dacewa. Kowane juyi a rubuta ranar da lambar agogo bayan littafin. Ranar da za a sayar da moto, rubutun nan na ƙara mashi daraja.

INA ZA A KAI TSOHON MAI?

Mutanen Damagaram sun san darajar ruwa, don garin ya sha fama da ƙarancinshi. Mutanen ƙauye ma sun sani. Tsohon mai in anka zubda shi ƙasa, ba shi ruɓewa kamar taki. Shina nutsewa, ruwan sama shi ja shi zuwa rijiya ko tafki. Kaɗan daga cikinshi na ɓata ruwa mai yawa. Kada a juye mai kusa da rijiya, ko mashayar dabbobi, ko cikin gona. A zuba shi cikin tsohuwar kwalba mai murfi, a aje inda yara ba su kai hannu, a kai ma makaniki. Kwanon da anka tara shi kada shi koma ɗakin girki.

Makiyaya, ga naku. Wasu na shafa baƙin mai ga raƙumi ko akuya mai ƙazuwa. Wannan ba magani ba ne. Cikin tsohon mai akwai garin ƙarfe da dattin da ke ƙona fata. Dabba na lasar jikinta, abin shi shiga cikinta. Dabbar da ke da ƙazuwa a kai ta ga likitan dabbobi, akwai allura da maganin wanka da anka yi don haka. Masu shafa shi ga itacen rumfa saboda gara su ma su nisanta shi da rumbun hatsi da garke.

Moto dukiya ce, gumin noma da na kiwo ne. Wanda ya karanta wannan shi karanta ma maƙwabcinshi mai sukuta, shi nuna mashi noti biyun nan da ke jikin ƙafar baya. Allah shi kiyaye hanya, shi ba da damana mai albarka.